Baƙin Kaski da Kiran Baba

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Madam Nabila, shugabar aikinmu a Yamai, ta maido mini da aikin satin jiya gaba ɗai. Hira tara da matan karkara, na saurara na rubuta da Faransanci, ta ce kuskure ya yi yawa. Wata tsohuwa ta ce rijiyarsu ta ƙafe, ni na rubuta ta rufta. "Rashida, ba mu iya ci gaba haka. Ƙarshen wata za mu duba." Na san abin da "duba" ke nufi.

To ta ina zan ji? Gidanmu bakin gudron yake, babbar hanyar kwalta, motocin siminti na wucewa tun hantsi har tagogi na rawa. Bayan katanga injin niƙa. Yamai kuma ba ni iya komawa. Wata takwas ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, Inna ta rasu, ni kaɗai ce a gidan.

Madam Nabila ta ce buro, ofishinmu, zai saya mini kaski, abin saurare da ake sawa a kunne, irin marar waya mai kashe hayaniya. Ni dai in zaɓa.

Laraba, 7 ga Mayu

Na bar Baba da maƙwabciya na tafi Konni, shagon Mati, abokin Yaya Labo. Biyu gare shi masu kyau. Mai ruwan toka bai da nauyi, yana rage ƙarar mota amma muryar mutum na shigowa. Baƙin ya fi matse kai, batirinshi ya fi daɗewa. Da na sa shi kasuwar duka ta ɗauke. Mati na ta motsa baki kamar kifi, sai da ya taɓa teburi na cire.

"Malama, wannan ko gobara anka yi ba ki sani."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Don darajar Yaya ya ba ni su duka in gwada.

Yaya ya sake cewa matarshi Umma ta riƙa zuwa da safe. Na ce a'a, Baba bai son kowa ya taɓa shi sai ni.

Juma'a, 9 ga Mayu

Kwana biyu da mai ruwan toka. Motoci sun yi nisa, injin na nan kamar sauro. Baba kuwa tar nike jin shi. Rashida, ruwa. Rashida, ƙuda. Rashida, kina nan? Duk na tashi na dawo sai in maida hirar baya, na manta inda nike.

Rabin hira a yini guda. Rabi!

Asabar, 10 ga Mayu

Baƙin. Hira huɗu kafin la'asar. Har numfashin matan nike ji, har inda wata ta haɗiye kuka kafin ta ba da amsa. Da na ƙare na sa kiɗan gurmi na kwanta kan tabarma, igiyar kamar cikin ƙirjina ake kaɗa ta. Hawaye sunka zubo ban san dalili ba. Rabona da shiru tun ranar da munka kawo Baba daga asibiti.

Na riƙa leƙa shi duk rabin awa. Kusan.

Litinin, 12 ga Mayu

Ya Allah.

Na nutse cikin aiki, ban leƙa ba. Da na shiga ɗakinshi yana ƙasa, tsakanin gado da ƙofa, rana ta shigo ta kwanta mishi a fuska. Wandonshi jiƙe. Buta ya so ɗauka. Na ɗaga shi ina ta ba shi haƙuri, kaskin na rataye a wuyana.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, da bakin nan nashi da ya karkace, "Na kira ki, ɗiyata. Na ce ko kin fita."

Likita ya duba, babu karaya, sai ƙujewa a gwiwar hannu. Na tambayi Baba tsawon lokacin da ya yi a ƙasa, ya ce bai sani ba. Ni na sani. Ordinatar, kwamfutar aikina, ta nuna mini: awa biyu ban tsaida sautin ba.

Talata, 13 ga Mayu

In na ɗauki mai ruwan toka aiki ya tafi. In na ɗauki baƙin wata rana gawa zan iske. Duka biyu na cikin kwali, ban taɓa ko ɗaya ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yaya Labo ya zo da Umma. Na shirya jin faɗa. A zaure ya tsaida ni. "Ke ce ke cewa bai son kowa. Kin taɓa tambayarshi?"

Na ce na san ubana.

Muna shiga munka iske Umma na ba shi fura a ludayi, tana ba shi labarin akuyarta da ta cinye takardar lakwal, ta makarantar ɗansu. Baba na dariya har fura na zuba a gemu. Wata takwas ban ji wannan dariya ba. Ya kamata in ji daɗi. Kicin na shiga na wanke tukunyar da ke a wanke.

Madam Nabila ta aiko saƙo: wanne na zaɓa? Na kife wayar.

Litinin, 19 ga Mayu

Na maida wa Mati mai ruwan toka, na riƙe baƙin. Umma na zuwa a taksi da safe, ta koma bayan azahar. Na ce mata na sati biyu ne, kafin in gama aikin da ya taru. Ta ce to, ba ta ko dube ni ba.

Yau wajen sha ɗaya, ta labule, na ga Umma ta wuce da sauri riƙe da buta. Na san Baba ya yi kira. Hannuna ya kai kan kaskin. Sai na ce bari in ƙarasa wannan layin tukun.

Na ƙarasa layin. Na ƙarasa hirar. Na buɗe ta gaba.