Gurasar da Baba Ya Ba Inna

Rafin Caney, Kentucky
9 ga Nuwamba, 1829

Zuwa ga ƙanwata Keziah,

Shekara goma sha ɗaya ke nan cur tun Asabar ɗin da ikkilisiyar da Baba ya kafa da hannunsa ta fitar da shi daga zumunci, kuma har yau ban yafe ba. Na san ba haka ake buɗe wasiƙa ba. Da malaman da suka koya mini Latin a Virginia sun gani, da sun ja mini kunne. To, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ke da maigidanki Asahel da yara kuna lafiya, Allah ya tsare ku daga zazzaɓin bakin kogin nan na Missouri. Mu nan mun gama cire masara, matata Dorcas ta warke daga ciwon ƙafa, ni kuwa ina nan bayan garma, inda duk karatun nawa ya ƙare.

Wasiƙarki ta yi wata biyu a hanya. Kin tambaya ko an maido da Baba. Nemi wuri ki zauna, zan ba ki labarin bi da bi, don kina goyon fari kuka tashi, ba ki ga yawancinsa ba.

Kin dai san Inna an yayyafa mata ruwan baftisma ne tana jaririya a cocin iyayenta, kuma ta ƙi yarda a sake yi mata ta hanyar nutsarwa a rafi. Cewa take yi in ta yarda, ta ƙaryata mahaifiyarta da ke cikin kabari ke nan. Ƙa'idarmu kuwa wanda ba a nutsar ba ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a majami'a. Shekara talatin Baba yana kakkarya gurasa, yana miƙa wa mutanen da ya fasa ƙanƙara da gatari ya yi musu baftisma, ita kuwa matar da ta toya gurasar da hannunta tana bencin baya, ta naɗe hannu a cinya. Matar da ta biyo shi ta tsallako duwatsu a ƙasa da goyo, ta riƙe gona duk lokacin da ya hau doki ya tafi wa'azi mako uku. Ina saurayi na tsane shi a kan wannan, na kuwa faɗa masa. Sai da tana kwance ciwon ajali, wata ranar Alhamis da rana tsaka, ya shigo daga gona da laka a ƙafa, ya wanke hannu, ya ɗauko gurasar masara da ruwan inabin daji, ya durƙusa gefen gadonta ya ba ta. Na ji tana ce masa, "Shadrach, za su ci namanka ɗanye." Ya ce su ci. Ba wanda ya kai ƙararsa. Shi da bakinsa ya tashi a taron Asabar ya faɗa musu, suka kuwa fitar da shi.

Tun daga ranar ban sake taka majami'ar ba. Baba kuwa bai taɓa fashi ba. Ya ci gaba da gyara musu rufi, yana kai itacen wuta, yana zama ya saurari wa'azin yaran da shi ya koya wa karatun Littafi. In na zage su sai ya ce, "Lemuel, karatu ya cika maka kai, bai bar wa kunya wuri ba."

A damina ta bana ƙarfinsa ya fara tafiya. Wata safiya ya ce mini yana so ya koma teburin Ubangiji kafin a kira shi, in shirya keken doki ranar taron wata. Abin da ake bukata kaɗan ne: ya tashi ya ce ya yi kuskure, jama'a su ɗaga hannu gaba ɗaya, shi ke nan. Na ce masa ya faɗa kawai, baki ne, ba zai zubar masa da haƙori ba. Ya harare ni ya ce ashe haka ake koyarwa a Virginia.

Muka je. Keziah, sai da idona ya cika da na ga yadda aka tarbe shi. Tsohuwa Hepzibah Yancey ta riƙe masa hannu tana cewa, "Dattijo, ka tsufa ka bar ni, da wa zan yi faɗa yanzu?" Ya ce ai ita tun ranar da ya nutsar da ita take faɗa, har ruwan sai da ta zaga. Aka yi dariya. Da lokaci ya yi ya miƙe, ya dogara da sanda, ya ce ya karya ƙa'idar da shi kansa ya koyar, ya ɓata wa 'yan'uwa rai, yana roƙon gafara. Har mutane sun fara motsa hannu, sai Enoch Pruitt, dikonsu mai kula da tsarin majami'a, ya miƙe. Ba da mugunta ya yi ba, dole in faɗi gaskiya. Ya ce, "Ɗan'uwa Tolliver, ka yi haƙuri, tilas in tambaya. Da yau ne matarka Sarah ke kwance, za ka sake ba ta gurasar?"

Na yi ta roƙo a raina, ni da na daina addu'a, Allah ya sa ya ce a'a. Baba ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya ce, "Enoch, ba zan yi maka ƙarya a ɗakin nan ba. Zan ba ta. Na san ƙa'idar daidai ce, na kuma san zan ba ta. Na yi shekara goma sha ɗaya ina neman yadda zan haɗa biyun, ban samu ba."

Aka ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga sai mutum biyu, Enoch da surukinsa. Ƙa'ida kuwa sai bakin kowa ya zo ɗaya. A hanyar gida na zazzagi Enoch tas, Baba ya ce in rufe masa baki, Enoch ya yi daidai, da shi ne a kujerar da haka zai yi.

Bayan mako biyu ya kwanta. Enoch ya zo kullum, yana faskara mana itace, yana zama gefensa yana karanta masa Zabura, ni kuwa ina fita in bar musu ɗakin. Ranar Litinin na kasa daurewa. Na ɗauko gurasa da ƙoƙo na shiga, na ce masa ba kowa a nan sai ni da Dorcas, ga shi, ya karɓa. Ya kalli hannuna ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, mayar. Na Innarka dabam ne. Ni ina ƙarƙashin horo, ba zan ɗauka ta bayan gida ba." Na roƙe shi har na ɗaga murya. Ya juya fuskarsa ga bango.

Ki gaishe mini da Asahel, da Micajah da Tabitha da ƙaramin da ban taɓa gani ba. Dorcas tana gaishe ki, ta ce za ta aiko miki da mayafin Inna in an sami mai tafiya yamma. Gwaggo Jerusha ma tana gaisuwa, kunnenta ya ƙara nauyi.

Baba ya rasu washegarin Litinin ɗin nan, Talata, uku ga wata, da hantsi. Shekararsa tamanin da ɗaya. Ba a maido da shi ba.

Ni ne yayanki,
Lemuel Tolliver