Darasin Wuta Ya Fi Ƙarfina

Inna Sabuwa, don Allah ki taimake ni, ban san wanda zan gaya wa ba. Ni malamar Turanci ce a madarasar 'yan mata, a wani ƙauye kusa da Wad Haddad. Bara da rani, bayan cirar auduga, maza suna ƙona kara a gona, sai iska ta juya. Tartsatsi ya faɗa kan bukkar surukata, inda ɗana Hamid yake barcin rana. Ina aji lokacin. Ko da na iso, an riga an rufe shi da zane.

Na yi haƙuri, Inna, na koma aiki. To bana sai muka kai wani darasi na kalmomin siffanta wuta. Da can darasin da na fi so ke nan. Nakan ce wa yara spark shi ne tartsatsi, flame harshen wuta, ember garwashi, blaze kuma idan ta ruru ta fi ƙarfin mutane. Su ba ni da Larabci, in sa su nemo na Hausa wurin kakanninsu, mu yi ta dariya. Wannan karon na ɗauki alli na rubuta ta farko, hannuna ya ƙi. Kowace kalma sai in ga a wane mataki wutar ta sami Hamid, yana barci ko ya farka. Wata yarinya, Ruƙayya, ta tambaye ni kalmar abin da ya saura bayan wuta ta mutu. Na san kalmar sarai. Na fita na bar su.

Tun ranar ban koma ba. Mudir, shugaban makarantar, ya aiko cewa darasin yana fitowa a jarrabawa. Mijina Attahiru yana cikin masu ƙona karan nan, har yau ba ya ambatar sunan yaron, cewa kawai ya yi in bar aikin. A gida kuwa murhu ne gabana safe da yamma. Ina zan sa kaina?

Taki, Uwar Hamid.

'Yata, Allah Ya jiƙan Hamid. Ba zan ruɗe ki da cewa wannan ciwo zai warke ba. Na san iyayen da suka tsufa da irinsa.

Mudir yana da gaskiyarsa, yaran suna da haƙƙi a kanki. Ke ma kina da taki, ba a tilasta wa uwa ta tsaya gaban allo tana rarrabe sunayen abin da ya cinye ɗanta. Ki je ki sami Mudir, ki faɗa masa dalili kai tsaye, ki roƙi wani malami ya karɓi wannan darasi bana, da baɗi ma in ta kama. Sauran littafin naki ne. Amma kada ki bar aikin, zaman gida zai haɗa ki da tunani ba mai raba ku.

Mijinki kuma, kada ki ɗauki shirunsa rashin damuwa. Ke darasi ɗaya kike gudu, shi kuwa kullum gonar nan yake komawa. Ki ambaci Hamid a gabansa, ko da bai amsa ba.

Wataƙila ba za ki sake koyar da waɗannan kalmomi ba har ki bar aiki. Ba laifi, ba su ne suka sa ki zama malama ba. Allah Ya sanyaya zukatanku.

Inna Sabuwa.