Kujerar Sa'ad a Siber ɗin Adjamé

Treichville, Maris 2009

Kawu Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka, alhali ko a gida ban cika iya ɗaga kai in yi maka magana ba.

Kan ƙungiyar Yaya Sa'ad ne, ta wasan nan na koci da kuke yi a kwamfuta ranar Asabar a siber ɗinka, shagon kwamfutocin nan naka. Na ji tun da ya tafi karatu Zinder kai kake riƙe masa ita, kuma ana ta cin ku, har shugabannin kulob na cikin wasan sun ce in aka ƙara shan kashi za su kori koci. Na san ƙa'idarku: wanda aka kora, kujerarsa ta zama ta na gaba a layi. Duk sanda Yaya ya bugo waya sai ya tambayi ƙungiyar kafin ya tambaye ni.

Ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, kuma na iya wasan. Inna ba za ta bar ni in haye gada in zo gar, wato tashar motar Adjamé, ba, don haka ina roƙon ka bar ni in riƙa aiko da tsari a takarda. Hussaina mai atamfa za ta riƙa kawowa.

Ga na wannan Asabar. Ka ajiye dogon nan da Yaya ya sa wa suna Nomau. Ka sa gajeren, Fatihu, a lamba tara, amma kada ya tsaya bakin raga. Ka ba shi aikin ɗan gaba mai dawowa tsakiya ya karɓi ƙwallo. 'Yan gefe biyun kuma su daina bin layi, su riƙa kutsawa ciki. Na gwada a gida sau da yawa, yana aiki.

'Yarka,
Jidda

Adjamé, Lahadi

'Yata Jidda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kasuwa sai godiya.

Da Hussaina ta miƙo takarda na ɗauka Innarki ce ke neman shadda. Na karanta na yi dariya har tabarau ya faɗi. Ni a saninmu ɗan gaba ƙato ne, a ɗago masa ƙwallo ya sa kai. Gajere mai gudun raga kuma, wannan ko a Kano ban taɓa gani ba. Amma tunda nawa tsarin ya kusa kashe ƙungiyar, na bi naki. Mun ci biyu da nema. Ni kaina ban gane yadda aka yi ba.

Sai dai ga matsala. Kin san mu nan, takarda in ta zo ba a karanta ta a ɓoye. Kuma rubutunki ya yi kyau, sai na miƙe na karanta wa kowa da ƙarfi, har da masu jiran motar Korhogo da suka shigo shan iskar fanka. Cikin masu sauraro akwai Kailu mai yankan tikiti, wanda ke kan gaba a gasar, kuma da shi za mu kara Asabar mai zuwa. Tuni ya ce zai sa mai tsaron bayansa ya bi Fatihu ko bayan gida ya shiga. Ya ce: "Alhaji, ka gaishe da kocin lekol, 'yar makarantar nan, ka ce ta shirya kayanta." Abokinsa ma, wanda shi ne na gaba a layi, har ya fara gwada zama kujerar Sa'ad.

Shugabannin kulob ba su janye gargaɗinsu ba. Shawarata, ko mu koma kan Nomau, ko ki aiko da sabon tsari in shige bayan kanti in karanta ni kaɗai.

Kawunki,
Abdulbaqi

Treichville, Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa. Na yi murna ƙwarai, har Inna ta tambaye ni ko sakamakon jarrabawa ne ya fito.

Don Allah kada ka shiga bayan kanti. Ka karanta wannan da ƙarfi kamar waccan, in da hali Malam Kailu yana wurin. Ban canza komai ba.

Malam Kailu, ina gaisuwa. In mai tsaron bayanka ya biyo Fatihu tsakiya, wurin da ya bari zai zama fili, kuma lamba bakwai ɗina ya fi sauran 'yan bayanka gudu. Can zai shiga. In kuma ka ce ya tsaya a wurinsa, Fatihu zai karɓi ƙwallo babu kowa a jikinsa, ya juyo ya dubi raga. Ba don rashin kunya na faɗa ba. Na zauna na nemi hanya ta uku a madadinka, da 'yan wasan da kake da su ban samu ba.

Kawu, abu ɗaya nake roƙo. In an riga an ci mu, kada ka firgita ka sako Nomau. Ka cire hannunka daga kwamfutar, ka sha shayinka.

'Yarka,
Jidda

Adjamé, Asabar da yamma

Jidda,

Salam. Ki yi haƙuri da rubutun, cikin sauri na yi shi.

Na karanta musu. Kailu ya yi dariya, amma na ga ya daina taunar goro. An fara wasa ke nan suka ci mu daga kwana. Wallahi hannuna ya kai kan sunan Nomau, sai na zauna a kan hannun. Kafin hutu mai tsaron bayansa ya biyo Fatihu, lamba bakwai ya wuce ta bayansa ya rama. Kailu ya ce wa nasa ya tsaya. Sai Fatihu ya juyo ya buga daga nesa. Biyu da ɗaya. Shugabanni sun ce sun gamsu da koci. Abokin Kailu ya tashi daga kujerar ba tare da an ce masa ya tashi ba.

Kailu yana ta cewa shi ba a taɓa cin sa ta hannun mai atamfa ba, sai kocin ta zo ta zauna ya gan ta. Zan yi wa Innarki magana da kaina.

Kawunki

Treichville, Litinin

Kawu,

Ina gaisuwa, na gode. Inna ta ce babu batun haye gada sai na gama jarrabawa, kuma ta ce in gaya maka ko kai ne ka zo ba za ta canza ba. Amma daga baya ta tambaye ni wane ne ya ci ta biyun.

Yaya ya bugo jiya. Wannan karon ni ya ce a ba wa waya.

Waɗanda za mu kara da su Asabar suna tsayawa baya su biyar, tsarin nan ba zai yi musu ba. Ina da wani. In ba zan dame ka ba, Kawu, ka ba ni izini in sake rubutowa.

'Yarka,
Jidda