Rigar da Ta Yi wa Jikarki Kaɗan

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Ya jikarki? Ni lafiya lau, sai dai tsayuwar aiki.

Saƙonki ya iso, wai rigar sanyin da na saƙa mata ko kanta bai shiga ba. Inna, wata biyu fa na yi a kanta, duk ranar hutu! Sau uku ina warware hannun.

Na roƙe ki awonta, kika ce, "Ai kin san 'yarki." To, ga sanin nan! Don Allah ki auna ta da zare, ki aiko min. Ni wadda na sani ita ce wadda na sauke daga bayana ranar tafiyata.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarki