Ƙafar Mama

Yaya,

Na wuce aiki, ban iya jiran dawowarka ba. Mun je asibiti da safe. Kumburin ƙafar Mama ba na gajiya ba ne. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, saboda yawan zama da rashin shan ruwa.

Ko ta roƙe ka, kada ka matsa mata ƙafar, wai gudan jinin na iya zarcewa huhu. Ka dai cika mata kofi, ka tsaya sai ta shanye.

Na tambaye ta me ya hana ta shan ruwa. Ta ce, "Don kada in riƙa damunku da rakiya banɗaki."

Na sa mata takalminta muka taho.

Ƙanwarka