Na Kashe Kyamarar Injin, Kuma Ba Ni Kunna Ta

Malam Na'iya, a taimaka mini da shawara kafin wata ya ƙare, don maigidana ya ce ko in kunna kyamara ko in tattara kayana.

Ni mutumin Fakku ne ta ƙasar Kebbe. Iyalina na Tambuwal, ni kuwa ina Legas kan injin buga takardu tun gemuna na baƙi. Aikina ɗora launi fuɗu bisa juna, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, har su zauna daidai, hoto ya fito ba inuwa. Da ido nika yi, da ɗan madubin ƙara girma, in murɗa nan, in zaro takarda, in sake dubawa. Kafin launi ya zauna hantsi ya yi, takarda ta lalace tuli.

Bana aka kawo sabon inji mai kyamara. Ita ke karanta 'yan alamomin gefen takarda, injin ya gyara kansa kafin shayina ya huce. Ba ni yi mata ƙarya, ta fi ni sauri, kuma ba ta ɓarna. Amma kullum kashe ta nika yi in daidaita da hannu. Da tulin shara maigida ya gane. Mutumin kirki ne, bai zage ni ba. To amma bayan idona ya ƙare a wurinsa, a ce in zauna ina kallon allo kamar mai gadi? Ba ni yi.

Ga wani abu kuma. Takardun da suka lalace, 'yan gida masu tsire, su Gazali na Jabo, ke zuwa kwasa bayan la'asar don naɗe nama. Su zauna bakin ƙofa a yi Sakkwatanci, in ji wa ya rasu, ko ruwa ya sauka gida. Makon da na gwada kyamarar ba su samu komai ba, sai suka koma wani shago. Ko mutum ɗaya bai leƙo ni ba.

Matata Ni'imatu ta ce in bar taurin kai. Na ce gara in koma noma, ko da yake gonar na hannun ƙanena tuntuni. Ina da gaskiya ko babu?

Bafakke a Legas

Ɗan'uwa Bafakke, kana da gaskiya ka ji ciwo, amma ba ka da gaskiya ka kashe kyamarar. Takardar da kake ɓatawa ba taka ba ce, kuma ka san akwai hanyar kauce wa ɓata ta. Wannan hakki ne, maigidanka ma ya yi haƙuri.

Aikinka bai ƙare ba. Kyamara tana jera launi, amma kai ne za ka ce tawada ta yi yawa ko fuskar mutum ta yi ja. Ka nemi a koya maka allon sosai, ka zama wanda ake tambaya.

Batun su Gazali kuwa, ina jin shi ya fi ci maka rai. Ka san inda tukubarsu take, ka je da ƙafarka hannu wofi. Wanda ya matsa maka a benci, naka ne. In kana son riƙe musu wani abu, roƙi maigida rarar takardar da injin yanka ke zubarwa. Farar takarda ma ta fi dacewa da nama a kan mai tawada.

Kada ka koma gida cikin fushi, ka je ka tayar da rigimar gona da ƙanenka. Ni'imatu ta faɗa maka daidai. Gobe da safe ka kunna ta da hannunka, tun kafin a sake yi maka magana. Allah ya ƙara wa idonka lafiya, ya mai da kai gida ranar da kai ka zaɓa.

Malam Na'iya