Alawayyon Malam Zubairu

Wad Madani, Sudan
Rajab, 1967

Zuwa ga Yaya Ɗantani a Kontagora,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Matarka Barakatu da yara fa? Dawar gonar garin Ibeto ta yi albarka bana?

Ni lafiya lau nake. Har yanzu ina tsinkar auduga a gonar wani Balarabe, kafin guzuri ya haɗu in tsallaka Jidda. Zazzaɓin da ya kwantar da ni da damina ya sake ni, don haka kada ka gaya wa Inna.

Wani mutumin Auna da ya iso nan shi ya ba ni labarin rasuwar malaminmu, Malam Zubairu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka tuna ranar da ka raka ni yi masa sallama? Ya jawo farin yadin alawayyo na likkafani daga ƙarƙashin buzunsa ya ce, "Ladan, ka tsoma mini wannan a ruwan zamzam, ka shanya, ka kawo. A cikinsa nake so a naɗe ni." Na ce baɗi war haka na dawo. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya sa."

Yaya, mutumin da ya kama hannuna ya koya mini alwala, abu ɗaya ya taɓa roƙona a duniya. Ga yadin nan a ƙasan jakata, ko Makka bai gani ba.

Ka je ka yi wa iyalinsa ta'aziyya a madadina. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

In na isa zan tsoma shi, in shanya, kamar yadda ya ce. Amma wa zan kawo wa?

Ƙaninka,
Ladan